Ɗaki Mai Taga a Gindin Jirgi

A layin maƙera na birnin Khulna babu wanda bai san kakan Sekandar Mridha matuƙin jirgin ruwa ne ba, don Sekandar bai taɓa barin kowa ya manta ba. Shi dai fenti yake sayarwa, kuma iyakar ruwan da ya sani shi ne wanda yake ƙetarewa a kwale-kwale in an yi rasuwa a tsallaken kogi. Duk da haka, in ana zaune ana shan shayi ya ji ƙahon wani jirgi daga nesa, sai ya runtse ido ɗaya ya ce injin wancan ba zai ga damina ba. Tsofaffin layin sun ce kakan ɗan fito ne mai kwale-kwale ɗaya, shi ma mai yoyo. A bakin Sekandar kuwa tsohon kullum ƙarin girma yake samu a kabari, har ya kai ga tuƙa jirgin Turawa zuwa Rangun. Abokan shayinsa suka laƙaba masa Kyaftin, shi kuma ya ɗauka girmamawa ce.

Gidansa a saman shagon yake, mai walda a dama, mai bugun bokiti a hagu. Matarsa Rowshan Ara ta shekara ashirin da ɗoriya tana tashi da guduma tana kwana da guduma, har ciwon kai na ɓari ɗaya ya zame mata ɗan gida. Likita ya ce maganinta shiru. Shirun kuma akwai shi, ba saye za a yi ba: gidan mahaifinta yana bayan gari cikin itatuwan kwakwa, yayanta Anisur ne a ciki, ɓangarenta na gado yana nan a kulle. Sai dai namijin da ya kwashe kayansa ya tare a gidan surukai, a garin nan ghor-jamai ake ce masa, kuma babu wanda ya kai Sekandar iya yi wa irin waɗannan maza ba'a. Cewa yake gara gawa da su, don ita gawa ɗaukarta ake yi, ba da ƙafarta take zuwa ba.

Ana nan sai ƙungiyar 'yan kasuwar layin ta shirya yawon shekara. Za a yi hayar jirgin shaƙatawa a shiga dajin Sundarban da iyali, a kwana a ruwa, a ga barewa, a ci kifi. Sekandar ya ga ƙofa. Ya ce wa matarsa, a gaban Anisur da ya zo cin abincin rana, ciwon nata ba na guduma ba ne, na rashin iskar kogi ne. Shi zai sama mata ɗaki a jirgin nan mai shiru, mai taga, kuma ba da tsadar da ake zaluntar jahilai da ita ba. In ta dawo, ko maƙeri zai kwana a ƙarƙashin gadonta ba za ta ji shi ba.

Rowshan ba mai gaggawar magana ba ce. Sai da ta gama zare ƙayar kifin da ke hannunta, sannan ta kira shi da sunan 'yarsu Tuli.

"To, Baban Tuli. In na sami shirun da tagar, na bar maganar ƙaura har abada. In ban samu ba, ranar da muka sauka ranar za a kira motar kaya. Yaya ne shaida."

Anisur ya ce ya ɗauka, kuma shi ma zai bi tafiyar don shaida ba ta yiwuwa daga nesa. Ya daɗe yana so ƙanwarsa ta dawo gida, ya kuma fi daɗewa yana so ya ga surukin nan nasa yana neman izini kafin ya buɗe ƙofar waje. Sekandar ya dafa ƙirji ya ce ba a koya wa kifi iyo.

Al'adar ƙungiyar ce ba a zaɓen wuri, tun shekarar da aka yi dambe a kan kujerar gaban bas. Ƙuri'a ake yi a gwangwanin biskit. Sekandar ya sa hannu ya zaro ɗakin da kowa ke addu'ar samu: hawan sama, kusurwar gaba, taga biyu. Mutane suka fara yi masa barka. Shi kuwa sai ya yi dariyar tausayi, ya ajiye takardar a tebur, ya ɗora musu karatu. Sama, in ji shi, nan jirgi ya fi rawa, kamar kan bishiya. A sama ƙaho yake. A sama za a girke lasifika yara su yi ta tsalle. Tsadarsa kuwa ta ganin ido ce, tarkon mutanen tudu. Mutumin kogi ƙasa yake kwana, can baya inda nauyin jirgi yake, kuma irin wannan ɗakin ba a ofis ake samunsa ba, sai wanda ya san hanya. Aka mayar masa da kuɗin ɗakinsa, aka sake jefa takardar, ta faɗa hannun Mozammel mai ƙusoshi, wanda da ma shi ya ƙirƙiro sunan Kyaftin.

"Allah ya ƙara ilimi, Kyaftin," in ji Mozammel. "Ni zan daure da rawar."

Hanyar da Sekandar ya sani kowa ya san ta. Ma'aikatan jirgi suna da ɗakunan kwanansu, kuma in an sami tafiya mai mutane sukan sayar wa fasinja makwancinsu a ɓoye, su je su kwana a kan buhuna. Ya je tashar jiragen ranar Juma'a da tsakar rana. Jirgin yana ɗaure, injin a kashe, ma'aikata duk sun tafi masallaci ban da wani Joynal mai shafa wa injin mai, wanda aka bari gadi. Joynal ya kalle shi sau ɗaya ya gane irin kifin da ya shigo koma. Ya sauka da shi matakala, suka bi wani lungu, ya buɗe wata ƙofar ƙarfe.

Ɗakin kamar akwati yake, gado biyu ɗaya a kan ɗaya, da taga wadda kan mutum zai iya fita ta cikinta. Sekandar ya yi bincike irin na masana. Ya ƙwanƙwasa bango. Ya kwanta ya kara kunne a ƙasa, bai ji komai ba sai ruwa na lasar ƙarfe. Ya leƙa taga ya ga kogi shimfiɗe har tsallake. Ya lura da wata waya mai kauri da ta fito daga rufi ta bi bango ta shige wani rami, ya tambaya, Joynal ya ce ana iya shanya a kai in ana so. Ya tambayi abin da ke bayan bangon, Joynal ya ce ai duk jirgi ne. Suka shiga ciniki. Sekandar ya yi tayin rainin hankali, Joynal ya sallama da saurin da ya isa ya sa mai hankali ya tsaya ya sake tunani. Sekandar ya koma layi ya ba da labarin yadda ya murɗe wani ɗan jirgi har ya kusa kuka.

Ranar tafiya tashar ta cika da iyalan layin maƙera, da tabarmi, da ƙunshin abinci, da yara masu sababbin takalma. Kowa ya nufi matakalar sama. Sekandar ya tsaya a gindinta sanye da farar hula mai baki irin ta 'yan jirgi, wadda ya sayo jiya, yana yi wa masu hawa fatan kada aman ya yi yawa. Sannan ya ja matarsa suka yi ƙasa, Anisur na biye da su wai zai taya ɗaukar jaka.

Rowshan ta dubi ɗakin, ta dubi bargon da ke gadon sama mai maiƙo kamar an soya kifi a kansa. Ta shimfiɗa zanen gadonta a na ƙasa, ta jera kwalaben maganinta a kan ɗan katakon bango, ta zauna. Shiru kam akwai shi. Sekandar ya ɗaga yatsa ya ce wa Anisur ya saurara. Anisur ya saurara, fuskarsa ta fara sauka.

Sai wayar bangon ta motsa, ta ja da ƙarfi, wata ƙararrawa ta buga a bayan bango kamar an doki faranti a cikin kunne. Kafin amonta ya mutu injin ya tashi.

Gado ya ɗauki rawa, ƙofa ta ɗauka, haƙoran mutane suka ɗauka. Kwalaben Rowshan suka taka a jere zuwa bakin katako suka riƙa dira ɗaya bayan ɗaya. Abin nan na bayan bango, wanda duk jirgi ne, ɗakin injin ne. Sekandar ya sa baki a kunnen matarsa ya yi mata bayani cewa inji mai sanyi ne ke haka, da an shiga ruwa mai zurfi zai kwanta kamar jaririn da ya ƙoshi. Anisur ya fita, fuskarsa ta koma inda take har da ƙari.

Aka shiga ruwa mai zurfi, injin ya ƙara wuta.

Sekandar ya ce to a buɗe taga ƙarar ta sami hanyar fita. Kogin da ya gani ranar Juma'a yana nan, sai dai yanzu ta tsakanin kejin kaji ake leƙensa. A wajen tagar akwai ɗan siririn dandamali da ya zagaye bayan jirgin, kuma nan mai dafa abinci ke ajiye guzurin tafiya da ransa: kaji, da agwagi ƙafa a ɗaure, da wani ɗan akuya da aka tanada don walimar ƙarshe. Ɗan akuyan ya zuro kai ya gaisa da zanen gado. Can sai ga mai dafa abincin da wuƙa da bokiti, ya tsuguna daidai tagar ya fara aikin abincin rana. Gashin kaza ya riƙa shigowa a hankali yana sauka a kan Rowshan. Sekandar ya umarce shi ya matsa gaba. Mutumin ya ce gaba ruwa ne, in Bhai, wato Yaya, yana so ya fito ya nuna masa inda ake tsugunawa a kai.

Aka rufe taga, ɗaki ya zama tanderu. Aka buɗe, sai ga ƙafafu. Banɗakunan jirgin a ƙarshen dandamalin suke, kuma bayan shayi duk layin maƙera ya sauko riƙe da buta. Jerin ya tsaya a gaban tagar. Da yake mutanen kirki ne, babu wanda ya wuce bai sunkuyo ya gaida matar maƙwabcinsa ba, ya tambaye ta ya kan. Mozammel ya fi kowa daɗewa a sunkuye, yana kiranta Bhabi, wato matar yaya, kamar yadda ake kiran matar maƙwabci a nan.

"Bhabi, ke kam kin huta. Mu can sama iska ta dame mu, ga shiru kamar maƙabarta, matata har ta yi barci a zaune. Kyaftin, kiɗan nan cikin kuɗin ɗaki yake, ko daban ka biya?"

"Ƙarar inji lafiyar inji ce," in ji Sekandar. "Kai me ka sani ban da ƙusa?"

"Ƙusa kam na sani. Na kuma san ta in ta shiga katako a karkace."

Sekandar bai zauna ba. Ya zagaya ya kwaso rigunan ceto daga ƙarƙashin benci ya jera su a bango don su shanye ƙara, wani ma'aikaci ya biyo sawu ya kwashe su yana mita. Ya yage matashi ya cusa auduga a kunnensa da na matarsa, ya manta da nasa a ciki, ya hau sama cin abincin rana. Can ya zauna a tsakiyar mutane yana ba da labarin daɗin ɗakinsa da muryar da ta sa jarirai biyu suka farka. Shugaban ƙungiya ya tambaye shi ko Bhabi ta samu ta runtsa, ya amsa da cewa a'a, ya ƙoshi, kada a ƙara masa shinkafa. Matan layin suka rufe baki da gefen sari, kafaɗunsu na rawa.

Bayan azahar Rowshan ta ɗaure kai ta kwanta ta juya wa duniya baya. Sai aka turo ƙofa ba sallama. Wani ƙato da man inji har gwiwar hannu ya shigo, ya rataya rigarsa a ƙusa, ya taka gefen gadon ƙasa zai hau na sama. Rowshan ta ja mayafi ta miƙe. Sekandar ya tare shi ya tambaye shi ko a gidansu ba a koyar da ƙwanƙwasa ƙofa. Mutumin ya ce sunansa Sobhan, kuma bai taɓa jin inda ake ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin kai ba. Joynal gadonsa ya sayar, na ƙasa. Na sama na Sobhan ne, bai sayar wa kowa ba, kwana ya yi yana aiki, yanzu lokacin barcinsa ne. In ya tashi kuma akwai mai hawa bayansa.

Aka nemi Joynal, aka same shi a jikin injin. Ya nuna kunnensa, ya nuna injin, ya ɗaga kafaɗa. Sekandar ya yi barazanar kai ƙara wurin sareng, shugaban jirgin. Sobhan ya ce bismillah, sai dai sareng in ya ji an sayar da gado, mai saye da mai sayarwa yake saukewa a tasha ta gaba, kuma tasha ta gaba damisa ta fi mutane yawa. Ya haye gadonsa. Kafin a ƙifta ido ya fara munshari, munsharin da ya samu ya fito ta saman ƙarar injin.

Rowshan ta ɗauki abin da ya rage na matashinta ta zauna a matakala. Matar Mozammel ta roƙe ta ta hau sama ta kwanta a wurinsu, ta ƙi. Ta ce a kan ɗakin nan aka yi alkawari, ba za ta ba wani ƙofar cewa ba ta gwada ba. Anisur ya zo ya zauna kusa da ita. Sekandar bai ji abin da suke cewa ba, amma ya ga surukinsa yana auna faɗin wani abu da hannu biyu, sannan yana auna faɗin ƙofa, ya gane gadon aurensu ake yi wa lissafin shiga. Ya miƙe ya tafi neman Sobhan. Kafin magariba ya sayi gadon sama daga hannun masu shi da sabuwar hularsa da kwalin alewar da suka taho da shi. Daren bai gyara komai ba, don da aka kashe babban injin janareto aka tayar, kuma shi ma a bayan bangon yake zaune.

Washegari jirgin ya shiga ƙananan rafukan daji, inda hanya ke lanƙwasa kamar hanjin kaza. Sareng yana can sama a gaba, direban inji yana can ƙasa a baya, ba mai ganin wani, kuma duk maganar da ke tsakaninsu wayar nan ce: a rage, a ƙara, a tsaya, a koma baya, kowanne da yawan bugunsa. Ƙararrawa ta riƙa bugawa ba hutu. Rowshan ta yi ƙorafinta na farko tun da aka taso. Ta ce, ido a rufe, injin ma mutum ya fara sabawa da shi, ƙararrawar nan ce ke shiga mata har ƙwaƙwalwa.

Sekandar ya ji kamar an raɗa masa amsar jarrabawa. In dai ƙararrawa ce kawai, ai gidan surukai ya yi nisa. Ya tsaya ya nazarci wayar, hannu a ƙugu, ya yanke hukunci cewa ta kiran shayi ce, manyan sama ke damun na ƙasa, rashin tarbiyya irin ta jiragen zamani. A zamanin kakansa sareng da muryarsa yake magana. Ya zare gamcharsa, jan tawul ɗin da ba ya rabuwa da wuyansa, ya naɗe wayar da ita ya ɗaure tam a ƙarfen gado, da ƙullin da ya ce na 'yan jirgi ne. Wayar ta yunƙura, ta sake yunƙurawa, ta haƙura.

"Kin ji, Maman Tuli? Aiki sai mai shi."

Rowshan ta buɗe ido ɗaya ta kalli ƙullin, ta tambaye shi ko ya tabbata abin ba shi da amfani. Ya ce abu mai amfani ba a bi da shi ta ɗakin kwana.

A sama an tara mutane a gaban jirgi, don an kusa inda za a sauka a ga barewa. Ruwa ya fara janyewa kamar yadda ya saba a dajin nan na bakin teku, inda kullum yake janyewa ya dawo, laka ta fito a gefe biyu tana ƙyalli. Sareng ya hango gadar katako ta masu gadin daji, ya ja waya a rage gudu. Jirgi bai rage ba. Ya ja a tsaya. Ya ja a koma baya, har ya rataya da nauyinsa duka. A ƙasa direban inji yana zaune yana taunar ganyen pan, goron mutanen ƙasar, yana jiran ƙararrawa, yana ma gode wa sareng a ransa da ya bar shi ya sarara. Sareng ya murɗa sitiyari don ya kauce wa gadar. Jirgin ya wuce ta da mutuncinsa, masu gadin daji suna ɗaga masa hannu, ya hau laka a natse kamar saniya za ta kwanta a fadama, ya jingina gefe ɗaya ya tsaya. Tukunyar miyar waken dal ta yi tafiya daga wannan bango zuwa wancan. Keji ɗaya ya buɗe, kaji suka bazu. Ba wanda ya ji ciwo. Aka kashe injin.

Shiru ya sauka, irin wanda ake jin tsuntsu a tsallaken rafi da ƙaguwa na tafiya a laka. Da ruwan ya ƙara janyewa jirgin ya ƙara jingina, kuma ɓangaren ɗakin Sekandar ne ya yi ƙasa, har tagar ta koma kallon baƙar laka ido da ido.

Sekandar ya hau sama ya tarar da mutane cirko-cirko, ya ga ana bukatar masani. Ya tsaya a kan benci ya bayyana musu kuskuren: sareng na zamani ne, ba ya karanta launin ruwa, ya shigo lanƙwasa da gudu. Kakansa da ido a rufe zai wuce nan yana cin ayaba. Yana cikin nuna yadda ake riƙe sitiyari sai ya ga idanun mutane sun bar shi sun koma bayansa.

Sareng ne, wani gajeren tsoho mai gemun lalle, ya bi wayar tun daga sama har ƙasa ya dawo. A hannunsa akwai jan tawul gida biyu. Bai ɗaga murya ba, ya tambaya na wane ne. Kowa ya sani. Duk layin maƙera mutum ɗaya ne gamcharsa ke da ɗigon fenti kala-kala.

"Hazo ya taɓa sa ni a laka," in ji sareng. "Iska ma ta taɓa. Tawul kam yau ne farko."

Sekandar ya sauko daga benci. Ya ce ƙullin dai ba za a ce bai kama ba. Sareng ya ce ya kama, sai da aka sa wuƙa. Sannan ya sanar da jama'a cewa ruwa ba zai dawo ya ɗaga jirgin ba sai yamma, kuma in ya ɗaga gida za a juya, don ba zai shiga gaba da jirgin da bai duba cikinsa ba. Ba barewa, ba bakin teku. Yara suka fara kuka, iyayensu mata suka fara faɗin abubuwan da suka daɗe suna ajiyewa game da mai fenti, har da fentin da ya sayar musu ya ɓare kafin Sallah. Mozammel ya kawo shawara a ɗauko gwangwanin biskit a yi ƙuri'ar wanda zai tura Kyaftin ya je ya karanta launin ruwan da kyau. Masu gadin daji suka jeru a gadarsu suna ɗaukar hoto da waya.

A cikin wannan hali Rowshan ta hawo, jakarta a ɗaure, gashin kaza ɗaya a kafaɗarta. Sekandar ya gan ta, ya ga Anisur ya miƙe zai karɓi jakar, sai wata dabara ta faɗo masa. Ya ɗaga hannu ya ce kowa ya yi shiru ya saurara. Alkawarin shiru ne da taga. To, ga shirun. Wa ya taɓa jin irinsa a Khulna? Kuma wa ya kawo shi, in ba shi ba? Taga kuwa tana nan inda take, ba wanda ya cire ta. Ya kira Anisur ya faɗi gaskiya tsakaninsa da Allah. Mutane suka dubi juna, don maganar ta ɗan yi kama da hujja. Anisur ya janye hannunsa daga jakar.

Rowshan ta tsince gashin kazar daga kafaɗarta ta sake shi a iska.

"Shirun na ji shi, Baban Tuli, kuma ya yi daɗi. Da ban ɗanɗana ba, wataƙila da na ƙara haƙuri da layin maƙera. Amma ba kullum za ka sami jirgin mutane ka kifar mini ba. Tagar kuwa, sauka ka leƙa. In ka ga kogi ka kira ni."

Ba wanda ya sauka ya leƙa. Shugaban ƙungiya ya ce magana ta ƙare. Mozammel ya tambayi ranar tarewa, ya ce layin maƙera ba zai bar ɗansa ya tafi gidan miji ba rakiya ba, za su zo da kiɗa, shi zai ɗauki akwatin. Matarsa ta shimfiɗa wa Rowshan tabarma a inuwa, Rowshan ta kwanta, numfashinta ya daidaita.

Sekandar ya koma gefen da ya jingina ya zauna shi kaɗai, ba hula, ba tawul. Har wasu suka fara tausaya masa suka ce a ƙyale shi haka. Bai kai shan kofin shayi ɗaya ba ya miƙe ya karkaɗe zanen lungi da ke ƙugunsa, ya je ya zauna kusa da Anisur ya dafa gwiwarsa. Ya ce in gaskiya za a faɗa, shi ya daɗe da niyyar ƙaurar nan, lokaci kawai yake jira. Gidan nan yana bukatar mutumin da ya san kan abubuwa. Tun Sallar bara ya lura injin jan ruwan yana wata ƙara da ba ta kwanta masa ba. Wayar wutar da ta fito daga mita ba haka ake bi da ita ba. Itatuwan kwakwar bakin katanga sun yi yawa, ya san yadda ake kayar da su su faɗi daidai inda aka nuna musu. Amma kafin komai bututun gas na kicin zai fara dubawa, don akwai wani makunni a jikinsa da bai ga amfaninsa ba.

Anisur ya dubi lakar, ya dubi jirgin da ke kwance a kanta, ya dubi hannun da ke kan gwiwarsa. Ya tashi a hankali ya je ya tsuguna kusa da ƙanwarsa, ya taɓa kafaɗarta. Ya tambaye ta ƙasa-ƙasa ko ƙarar maƙeran nan da gaske ta kai yadda ake faɗa, don ya ji labarin wani likita a Dhaka da ya ƙware a ciwon kai.

Rowshan ba ta buɗe ido ba.

"Ka ɓoye filaya da sukundireba kafin mu iso, Yaya. Kuma ka rage murya, barci nake yi."